Baba Fasto, Wa Kake Tsoro?

Ranar godiyar kaka a wata majami'a na ga abin da har yau yake ci mini rai. Ana tsakiyar karatun Littafi Mai Tsarki sai wani ɗan siyasa ya shigo da 'yan rakiyarsa. Nan take aka katse karatun. Aka tashi wata tsohuwa daga kujerar gaba, gwauruwar da ta fi shekara ashirin tana share wannan ɗakin sujada kowace Asabar, aka zaunar da shi. Ya yi alkawarin buhunan siminti, aka yi ta guɗa. Ba a koma kan ayar da aka bari ba.

Baba Fasto, da ku dattawan ikilisiya, da girmamawa nake magana amma ba zan sassauta ba: tsoron mai kuɗi ya kori tsoron Allah daga zukatanku. Kun san abin da wasiƙar Yakubu ta faɗa kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci tsaye. Ku kuka koya mana. Amma da jiniya ta yi kuka a bakin ƙofa, sai ilimin ya gudu.

Wanda yake tsoron Allah, a hannunsa ake gani kafin a ji a bakinsa. Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamnan Yahuza bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, alhali mutum 150 ne ke ci a teburinsa. Gwamnonin da suka riga shi sun tatsi jama'a, shi kuwa ya ce tsoron Allah ne ya hana shi. Ku lura, abin halal ɗinsa ne ya bari, don ya ga nauyin da ke wuyan mutane. Ku kuwa ko abin da ba naku ba kuna miƙa masa hannu. Baikon da mata suka tara daga kuɗin ƙuli-ƙuli da daddawa, mutum biyu ke ƙirga shi a ɗaki a rufe, kuma duk wanda ya nemi a karanta lissafi a gaban jama'a sai a ce yana da ruhun tawaye. Gehazi ma, baran annabi Elisha, a ɓoye ya bi Na'aman ya karɓo azurfa da riguna biyu, yana tsammanin Elisha bai sani ba. Da kuturta ya fita daga gabansa.

Abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne mai bisharar ƙauye. An tura shi inda babu mota sai babur, ɗan alawus ɗinsa yana makara wata da watanni, matarsa na noman haya don yara su ci tuwo. A lokacin nan kuma ana kamun ƙafa a hedikwata kada a ɗauke wani daga babbar majami'ar birni. Wane kira ne wannan da kullum yake kai mutum inda baiko ya fi tsoka?

Ba haka aka kafa wannan aiki ba. A 1893 'yan mishan Gowans da Kent da Bingham suka sauka Legas. Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Iyayenmu da suka karɓi Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 sun ɗauke shi a jaka suna takawa da ƙafa gari zuwa gari. Wasu sun wanke gyambon kutare a Yadakunya da Amanawa, inda ba mai tafa musu. Kuma a zamaninmu mun binne fastoci a arewa maso gabas waɗanda suka ƙi barin garkensu.

Mu 'yan ikilisiya ma ba mu fita ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muke auna fasto da motarsa, mu muke gudun wa'azin tuba mu bi mai alkawarin buɗi.

Don haka ga roƙona, Baba. Lahadi mai zuwa ka sa ma'aji ya karanta lissafin baiko a gaban kowa, a biya mai bishara bashinsa kafin a sayi sabuwar lasifika, ka kuma je gidan tsohuwar nan da ƙafarka ka ba ta haƙuri.