Gargaɗi Ga Dagatai Da Iyayen Gida A Kan Rufa Asirin Azzalumi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Zuwa ga mutanen Farin Dutse da Gwaram da Birnin Kudu, dagatai da masu unguwa da limamai da iyayen gida. Amma bayan haka:

Ku sani akwai wata al'ada a cikinmu da muke kira rufin asiri, alhali kuwa zalunci ce. Namiji ya yi wa yarinya fyaɗe, ko ya ruɗe ta da alkawarin aure har ya ɓata ta, sai manya su taru a zaure bayan sallar isha'i, a kawo 'yan kuɗi, a ce an yi sulhu. Ba a tambayi yarinyar ba. Shi ya wayi gari a kasuwar Gwaram yana ciniki, ita kuwa an kai ta ƙauye wurin gwaggonta. To, asirin wa aka rufa?

Ya ku malamai, ku ne kuke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid. Kun san hukuncin da ke cikinta: macen da ciki ya bayyana gare ta ba miji, ta ce tilasta ta aka yi, ba a gaskata ta sai da alama, kamar ta zo tana kururuwar neman taimako lokacin da abin ya auku, ko ta zo tana jini, ko shaidu su ga an ɗauke ta. Kun kuma san Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ɗora wa mai fyaɗe haddi da sadakin misli, bai ɗora wa wadda aka tilasta kome ba. To ku duba. Shari'a ta ce ta yi kuka a ji, uwa ta toshe mata baki don kunyar maƙwabta. Shari'a ta ce a ga jini, aka wanke zane da dare. Da hannunmu muke kashe hujjarta, sa'an nan in ciki ya fito ya zama shaida a kanta ita kaɗai, namiji kuwa ba ya ɗaukar ciki, musu ya ishe shi.

Wannan ba zato ba ne. A 2001 alƙalin Gwadabawa a ƙasar Sakkwato ya yanke wa Safiya Husaini jifa, aka sallami namijin don babu shaidu, sai a watan Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta kuɓutar da ita. A wannan wata ne alƙalin Bakori ya yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, wanda ta ambata ya yi rantsuwa ya tafi gida. Sai ran 25 ga Satumba 2003 alƙalan ɗaukaka ƙara na Katsina suka rushe hukuncin, da hujjojin mazhabarmu: ta janye iƙirarinta, kuma ciki kwantacce yana iya kaiwa shekara 5 bayan saki. Ashe ilimin yana nan cikin littattafai, alƙalin farko ne ya yi gaggawa. Kowace uwa ta ji labarin nan, ta ƙulla a zuci cewa ƙara ba ta da amfani.

Masu binciken laifuka suna bi gida gida suna tambayar abin da ya sami mutane, a kowace ƙasa kuwa suna tarar da abin da ya kai ga hukuma kaɗan ne. A 2024 hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta yi haka, ta tarar ko gidajen da aka yi wa fashi ba su kai rabi ba da suka gaya wa 'yan sanda. In fashi ke nan, wanda babu kunya cikin faɗinsa, ina ga fyaɗe?

Kada wani dagaci ya ce babu doka. A 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar Jigawa ta hana cin zarafin mutane, hukuncin fyaɗe a cikinta mai tsanani ne, ba maganar zaure ba ce. Wanda abin ya faɗa wa gidansa, kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke tufafinta, a kai ta asibiti a ranar, ga babban asibitin tarayya a Birnin Kudu. Likita zai rubuta abin da ya gani, ya zama hujja gaban alƙali, maganin kare ta daga ƙanjamau kuwa sai an fara shi cikin sa'a 72. Mai unguwar da aka kawo wa kuɗin sulhu ya mayar da su, ya raka uban zuwa wurin 'yan sanda da ƙafarsa.

Haza wassalam.