Kafin ka bar yaro ya kwantar da motar gida

Wani yayi ya shigo wa samarinmu: a cire resor ɗin da mota ta zo da shi, a sa gajere, mota ta kwanta kamar kunkuru. A bidiyo abin gwanin sha'awa. Amma motar bidiyo ba ta bin rairayin unguwannin Maraɗi ko Damagaram, ba ta ratsa ruwan damina, ba ta hawa tudun rage gudu na ƙofar lakwal. Tamu kuwa, dutse ɗaya ya fasa mata tukunyar baƙin mai, injin ya tafi.

Babban haɗarin ma ido ba ya ganinsa. Idan mota ta sauka, tsayuwar ƙafafunta na canzawa: saman taya ya karkata ciki, bakinta ya kauce daga saiti. Sai taya ta riƙa cinyewa ta gefen ciki, waje kuwa kamar sabuwa. Ranar da za ta fashe a kan gudron, wataƙila ƙannensa ne a baya, za a kai su lakwal.

A ganina, motar da ke ɗaukar iyali a bar ta yadda take. In yaro ya nace a kan tasa, a gindaya masa sharaɗi: ban da yanke resor, a duba amortisar, in resor ya zauna bayan ƴan kwanaki a kai ta saitin ƙafafu a kan na'ura.

Malam, ka sa hannu ka shafa cikin tayar ɗanka yau. Kuɗin saiti bai kai na taya ba, balle na asibiti.