Kafin A Mayar Wa Yaro Da Nono Da Alkama

Wata sabuwar al'ada ta fara shigowa gidajen 'yan boko da masu hali a ƙasar Daura, kuma ta wayar hannu take shigowa. Uwa za ta ga bidiyo a Facebook ko TikTok ana cewa madara da alkama ne ke kumbura wa yaro ciki, ko su ne ke hana shi magana da natsuwa, sai ta wayi gari ta haramta masa fura da nono, da burodi, da taliya, da alkaki. Bayan 'yan watanni, idan yaro ya rame ko hidimar ta gagara, sai a shiga neman hanyar janyewa. A nan ne masu tallar ƙwayoyin narkar da abinci, waɗanda ake kira enzayim, suke jira da alkawarinsu: a ba yaro ƙwaya ɗaya kafin ya ci abinci, ya ci duk abin da ransa ke so. Wannan alkawari ne nake so mu ɗora a sikeli yau, domin lafiyar ƙananan yara ce a ciki.

Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: me ya sa aka hana yaron abincin tun farko? Lalurori aƙalla uku ne ake cakuɗawa, alhali kowace da hukuncinta.

Ta farko ita ce gazawar hanji wajen narkar da sukarin madara, wato laktos. Hanji yana da sinadarin da ke farfasa wannan sukari, ana kiransa laktes, kuma a jikin yawancin mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. Idan ya yi ƙaranci, sai sukarin ya wuce babban hanji ya ruɓe, ciki ya kumbura, a yi ta tusa da zawo. Binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 kan ƙabilun Nijeriya ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya suna riƙe wannan sinadari har girma, yayin da kusan duk Yarbawan da aka gwada suka rasa shi bayan ƙuruciya. A masarauta irin Daura, inda Hausawa da Fulani suka daɗe da cuɗanya ta auratayya, za a iya samun bambancin nan a tsakanin 'ya'yan ɗaki ɗaya. Haka kuma yaro kan rasa sinadarin na ɗan lokaci bayan zawo mai tsanani, sannan ya dawo da kansa cikin 'yan makonni. A wannan lalura kaɗai ƙwayar laktes take da amfanin da aka tabbatar, kuma ko a nan ɗin sau da yawa ba a bukatarta.

Ta biyu ita ce alaji, inda garkuwar jiki take ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Alamunta sun haɗa da borin jini, da kumburin leɓe ko fuska, da amai, da shaƙewar numfashi jim kaɗan bayan sha. Ƙwayar laktes ba ta da abin da za ta yi a nan, domin sukari take farfasawa, furotin kuwa yana nan daram. Yara da yawa sukan rabu da wannan lalura kafin su isa shiga firamare, amma yaron da ya taɓa kumbura ko shaƙewa ba a sake gwada masa madara a gida. Gaban likita ake yi, inda akwai allurar ceto a kusa.

Ta uku ita ce cutar siliyak, wadda a cikinta furotin ɗin alkama da sha'ir, mai suna gulutin, yake sa jiki ya lalata fatar ƙaramin hanji, sai abinci ya daina shiga jini yadda ya kamata. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙarta da alkama, bayan ya lura cewa yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya ɓace, suka kuma koma jinya da ya dawo. Kada a ce cutar Turawa ce kawai: a 1999 an gano ta a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada a arewacin Afirka, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Wanda aka tabbatar yana da siliyak, rabuwarsa da alkama ta har abada ce. Masana a jami'ar Leiden ta Holan sun gwada irin ƙwayoyin nan guda 5 da ake sayarwa a kasuwa, suka wallafa a 2015 cewa ba su iya farfasa ɓangaren gulutin da ke yin ɓarnar ba. Wanda ya ba mai siliyak ƙwaya sannan ya miƙa masa gurasa, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin hanji zai ci gaba da lalacewa ko da ciki bai yi ciwo ba.

Akwai kuma rukuni na huɗu, wato iyayen yara masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Su ne suka fi shan wahalar wannan tsari, kuma su ne 'yan talla suka fi farauta, domin mai nema a duhu ba ya raina haske. Gwajin da aka yi a jami'ar Rochester ta Amurka, aka wallafa a 2016, ya ba yara abinci mai gulutin ko furotin madara ba tare da iyaye ko masu lura sun san wanda aka ba su ba, kuma ba a ga wani bambanci a ɗabi'a ko barci ba. Yaran ba su da yawa a gwajin, amma sauran nazarce-nazarcen ma ba su kafa hujjar da za ta sa a hana kowane mai otizim madara da alkama ba. Irin waɗannan yara da ma sukan kasance masu tsananin zaɓen abinci, ƙara ƙuntata musu kuwa na iya jefa su cikin rashi.

Rashin nan ba abin wasa ba ne a Jihar Katsina, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Abincin da ake ceto masu tamowa da shi a asibitoci, da madarar jinya da kuma ƙullin gyaɗar nan na leda, duk akwai garin madara a ciki. A Jos kuma, binciken da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Nono na cikin mafi sauƙin hanyoyin samun kalsiyam a ƙasarmu. Cire shi ba tare da madadi ba, ƙashin yaro ne zai biya bashin.

To, yaya ake janyewa? Da farko a je asibiti, ko a nan Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a auna nauyi da tsawon yaro, a faɗa wa likita dalilin hanin da tsawon lokacinsa. Idan ana zargin siliyak, a sani cewa gwajin jininta ba ya nuna gaskiya sai yaro yana cin alkama na wasu makonni, don haka likita ne zai tsara yadda za a yi. Idan ba a ga alamar haɗari ba, sai a dawo da abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada a haɗa madara da alkama a mako guda, domin in matsala ta taso a san mai laifi. A fara da kaɗan, a lokacin da yaro ke cikin ƙoshin lafiya, a riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya biyo baya: bayan gida, da fata, da barci. Kuma kada a sa ƙwaya a cikin gwajin, domin za ta rikita sakamakon.

A ɓangaren madara, kakanninmu sun riga sun share hanya. Kindirmo da nono sun fi ɗanyar madara sauƙi a ciki, saboda ƙwayoyin halittar da ke tsamar da su sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taimakawa wajen narkar da saura. Cokali biyu na kindirmo a cikin fura mafari ne mai kyau, in an tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanya tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Jariri kuwa nonon uwa zalla ne abincinsa har wata 6, kuma ba a mayar da madarar shanu abin shansa kafin ya cika shekara.

A ɓangaren alkama, babu abin gaggawa. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake, waɗanda suka cika kasuwannin Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, babu gulutin a cikinsu. Tuwon dawa da miyar kuka, da kunun gyaɗa, da waina, da ƙosai, sun wadatar ba tare da an sayi garin waje mai tsada ba. Abin lura kawai shi ne fulawar da ake surkawa a ɗanwake da wasu soye-soyen kasuwa, da kuma injin niƙan da ya niƙa alkama kafin a zuba gero.

Game da ƙwayoyin kansu, mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya kuma karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalba. A kan irin waɗannan kayayyaki akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da kifi da wake da nonon da za su gina jikin yaro na kwanaki. Masu shagunan magani su ji tsoron Allah su daina rubuta wa yara abin da likita bai rubuta ba, iyaye kuma su tuna cewa sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, amin.