Lauyan Babban Kamfani da Farashin da Jikinsa Ke Biya

A daren Babbar Sallar da ta wuce, muna zaune a soron gidanmu da ke cikin birni, ɗan baffana ya ja ni gefe. Lauya ne, shekararsa 29, kuma shekara huɗu ke nan yana aiki a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin lauyoyi na Legas. Duk dangi da shi ake yi wa yara kwatance. Ya sassauta murya ya ce, "Yaya, don Allah akwai maganin barcin da ya fi wanda nake sha ƙarfi? Wannan ya daina kama ni."

Na ce ya nuna mini. Ya zazzage jakarsa, sai ga Lexotan na barci, diclofenac na ciwon kai da na baya, omeprazole na zafin ƙirji, da gwangwani biyu na lemon ƙara kuzari. Babu wanda likita ya rubuta masa a ciki. Na ɗauko na'urar awon jini ta Hajiyarmu na gwada shi, ta nuna 152 bisa 96. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, amma ga saurayin da bai cika talatin ba, abin dubawa ne.

Ni ba lauya ba ne. Aikina harhaɗa magunguna a asibiti, kuma daga tagar ɗakin magani mutum yakan ga abin da sana'o'i suke yi wa jikin masu yinsu. Ra'ayina shi ne babban kamfanin lauyoyi makaranta ce mai daraja wadda ya kamata matashi ya shiga idan ya samu dama, amma ya shiga da wa'adi a zuciyarsa, yana lissafa lafiyarsa a cikin abin da yake kashewa, kamar yadda yake lissafa kuɗin haya.

Mu fara da tsawon hanyar. Yaro zai yi shekara biyar a tsangayar shari'a, ko a Jami'ar Bayero ko a Kongo ta Zariya, ya ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, sannan ya yi bautar ƙasa. Idan ya yi fice, sai ya samu gurbi a babban kamfani, kuma mafi yawansu suna Legas da Abuja. A can zai koyi tsara yarjejeniyar bankuna da ta kamfanonin mai da ta sadarwa, ya zauna da manya, ya ci albashin da takwarorinsa na ƙananan ofisoshi ba su ko mafarkinsa. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai tsarin irin waɗannan kamfanoni tamkar dalar gyaɗa yake, irin wadda iyayenmu suka gani a Kano: buhuna masu yawa a ƙasa, kaɗan a sama. Ana ɗaukar matasa da yawa, amma ƙalilan ne za su kai matsayin masu kaso a ribar kamfani. Muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Nijeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas, ba a neman sa sai mutum ya yi aƙalla shekara goma yana aikin lauya, kuma kaɗan ake zaɓa kowace shekara. Ke nan mafi yawan waɗanda suka shiga za su fita wata rana. Abin tambaya shi ne da wane irin jiki za su fita.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙididdigar da ta nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako yana da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa doguwar awar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 kaɗai. Ɗan baffana ya ce makon da ya yi awa 55 kawai, makon hutu ne a wurinsa, ban da cunkoson hanya.

Game da lauyoyi kuwa, wani bincike da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta yi tare da gidauniyar Hazelden Betty Ford a 2016, kan lauyoyi kusan 13,000, ya gano kashi 28 cikin ɗari da alamun ciwon damuwa, kashi 19 da alamun fargaba, kimanin kashi 21 kuma da matsalar shan barasa, kuma abin ya fi tsanani ga matasan cikinsu. A nan gida, da yawa ba za su kusanci kwalba ba saboda addini da tarbiyya, amma ƙwaya ba ta da wari, ba ta kuma da abin kunya. Tun da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, tunaninmu ya tsaya a kan cewa shaye-shaye na zauna-gari-banza ne. Mai kwat da wuyan riga wanda ba ya iya runtsawa sai da ƙwaya, shi ma ya kamu, sai dai babu mai nuna shi da yatsa.

Ga yadda zagayen yake. Kafeyin na lemon kuzari da na gahawa yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka gwangwanin la'asar yana nan a jini har dare. Barci ya ƙi zuwa, sai a sha Lexotan ko diazepam. Irin waɗannan ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shansu, domin jiki yana sabawa, ya nemi ƙari. Da safe kai ya yi nauyi, sai a haɗiyi diclofenac, sau da yawa ciki babu komai, alhali yawan shansa yana kawo gyambon ciki, yana ɗaga hawan jini, yana raunana ƙoda. Ƙirji ya ɗauki zafi, sai a ɗora omeprazole a kai. Kowane magani yana rufe ɓarnar wanda ya gabace shi, tushen ciwon kuwa yana nan a teburin ofis.

Wani zai ce da ni, "Malam, kai da albashinka a hannu kake magana. Yaron nan shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa." Wannan magana tana da nauyi. Na san matasan lauyoyi a nan Kano da ke yawo tsakanin kotunan Sakatariyar Audu Baƙo da na Ƙofar Kudu, abin da ake ba su a wata da ƙyar yake isar su kuɗin adaidaita sahu. Talauci ma ciwo ne, kuma shi ma yana hana barci. Saboda haka ba na ce kowa ya ajiye aiki ya dawo gida ba.

Amma akwai abin lura. A 2015 masana biyu, Lawrence Krieger da Kennon Sheldon, sun binciki lauyoyi sama da 6,000 a Amurka kan abin da ke kawo musu gamsuwa. Sun tarar cewa 'yancin tsara aikinka, da jin cewa ka iya abin da kake yi, da kyakkyawar alaƙa da mutane, sun fi yawan albashi tasiri nesa ba kusa ba. Lauyoyin da ke aikin hidimar jama'a sun fi na manyan kamfanoni jin daɗin rayuwa, duk da ƙarancin albashinsu. Amurka ba Nijeriya ba ce, kuma kuɗi ya fi muhimmanci inda babu shi. Duk da haka darasin ya shafe mu: da zarar buƙata ta biya, ƙarin kuɗi ba ya sayen barci.

Ƙofofin fita kuma suna da yawa ga wanda ya ƙware. Akwai sashen shari'a na bankuna da kamfanoni, har da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, waɗanda suka fara da Jaiz a 2012. Akwai Ma'aikatar Shari'a, da koyarwa, da kujerar alƙalin babbar kotu, wadda tsarin mulki ya gindaya wa sharaɗin shekara goma da zama lauya. Akwai buɗe ofis na kai, ga 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna buƙatar wanda ya iya rubuta yarjejeniya mai tsafta. Ba kuma dole sai daga Legas ake kai ƙololuwa ba: A. B. Mahmoud, wanda ya gina aikinsa a Kano, ya shugabanci Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya daga 2016 zuwa 2018.

Ga matashin da ke ciki yanzu, shawarata huɗu ce. Na farko, ka yanke wa kanka wa'adi, shekara uku ko biyar, ka rubuta abin da kake son koyo da abin da kake son tarawa, idan lokacin ya cika ka zauna ka sake lissafi. Na biyu, ka riƙa auna jininka a kai a kai; idan ya yi ta kai 140 bisa 90 ko sama, ka ga likita. Na uku, ka daina shan kafeyin bayan azahar, ka nemi barcin awa bakwai. Na huɗu, idan ka daɗe kana shan maganin barci, kada ka yanke shi dare ɗaya, domin hakan na iya jawo rawar jiki har da farfaɗiya. Likita ne zai rage maka shi sannu a hankali. Idan kuma baƙin ciki ya zauna maka har mako biyu, ko ka fara jin rayuwa ta fita daga ranka, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Yin hakan ba hauka ba ne.

Mu ma 'yan gida muna da laifi. Idan ɗanmu ya zo hutu, muna tambayar mota da ƙarin girma da ranar aure, ba ma tambayar ko yana barci. Ranar da ya ce zai koma aikin da ya fi sauƙi, kada mu ce ya ci baya.

Ɗan baffana bai bar aikinsa ba. Ya ga likita kafin ya koma, ana rage masa maganin a hankali, ya kuma ba kansa shekara biyu. Makon jiya ya turo mini hoton na'urar awo tana nuna 134 bisa 86, ya rubuta a ƙasa, "Yaya, da sauran aiki." Na ce ƙwarai kuwa, da saura. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ƙara mana ita.