Fasisanci da gurguzun dimokuraɗiyya ba tafiyarsu ɗaya ba

Zuwa ga Edita,

A muhawarar da matasa ke tafkawa kan siyasa, ana yawan jin masu cewa fasisanci da gurguzun dimokuraɗiyya duk kanwar ja ce, tunda kowanne yana sa gwamnati ta tsoma hannu a harkar kasuwa. Tarihin Italiya da Ingila bai goyi bayan wannan magana ba.

Gaskiya ne Mussolini, jagoran fasist wanda ya hau mulkin Italiya a 1922, ya kafa hukumar IRI a 1933 ta riƙe manyan bankuna da masana'antu. Haka gwamnatin Leba ta Clement Attlee a Ingila, mai bin gurguzun dimokuraɗiyya, bayan zaɓen 1945, ta karɓe ma'adinan kwal da jiragen ƙasa, ta kuma buɗe hukumar NHS a 1948 domin talaka ya ga likita ba tare da ya biya ba. Iyakar kamar ke nan.

Abin tambaya shi ne: me ke samun wanda ya ce bai yarda ba? A watan Mayun 1924 Giacomo Matteotti, ɗan majalisa mai ra'ayin gurguzu, ya miƙe a zauren majalisar Italiya ya fallasa maguɗin zaɓe. Ranar 10 ga Yuni 'yan bangar fasist suka sace shi, sai gawarsa aka tsinta a watan Agusta. Zuwa 1926 an haramta yajin aiki, an rushe jam'iyyun adawa, masu masana'antu kuwa suka ci gaba da kwasar ribarsu, ma'aikaci ba shi da bakin magana. Musulmin Libiya ma sun ɗanɗana kuɗarsu, domin wannan gwamnati ce ta rataye jagoran gwagwarmayarsu Umar Mukhtar a 1931, kafin ta afka wa Habasha a 1935 da iska mai guba.

A Ingila kuwa, a zaɓen 1951 jam'iyyar Leba ta fi jam'iyyar adawa ta Churchill yawan ƙuri'u amma ta gaza a yawan kujeru. Attlee ya tattara kayansa ya miƙa mulki, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Wannan ba wanke Leba ba ne. A zamaninta ne 'yan sandan mulkin mallaka suka bindige ma'aikatan kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu a watan Nuwambar 1949, abin da ke nuna 'yancin da ta kare a gida bai ƙetaro teku ba. Sai dai an kafa kwamitin bincike, jaridu sun yi ta caccaka, abin da ba ya yiwuwa a Rum ta Mussolini.

Ana roƙon Edita ya ware shafi a riƙa kawo irin wannan tarihi, domin matasa su san abin da suke yabo ko zagi kafin su ɗaga murya.

Daga wani mai karatu a Zariya