Sharhi: Maganin farfaɗiya na valproate, tsakanin ceton uwa da kare ɗan tayi

Tun daga ƙarshen watan Janairun 2024, dokar hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta hana a fara bai wa duk wanda bai kai shekara 55 ba maganin valproate, sai idan ƙwararrun likitoci biyu sun amince, kowa da nasa nazarin, cewa babu wani maganin da zai yi masa aiki.

Dalilin wannan tsauri shi ne illar maganin ga juna biyu. Alkaluman hukumar sun nuna cewa kusan jariri ɗaya cikin goma da mahaifiyarsa ta sha valproate tana ɗauke da cikinsa yakan zo da nakasa, kamar tsagewar ƙashin baya. Kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kuma kan fuskanci jinkirin magana, tafiya ko koyo. A Faransa, inda kamfanin Sanofi ke sayar da shi da sunan Depakine, iyalai sun kai ƙara kotu bisa zargin cewa ba a gargaɗe su da wuri ba.

Duk da haka ba a janye maganin daga kasuwa ba, domin a farfaɗiyar da ke kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, yana cikin magungunan da suka fi ƙarfi. Ga wasu majiyyata, shi kaɗai ke tsayar da bugun ciwon. Dakatar da shi kwatsam na iya dawo da farfaɗiya mai tsanani, har ta kai ga rasa rai, kuma hakan hatsari ne ga uwa da cikinta baki ɗaya.

A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar kauce wa valproate ga mata da 'yan matan da za su iya haihuwa, tare da fifita lamotrigine ko levetiracetam.

Sai dai tsarin Birtaniya ya dogara ne da yawan ƙwararru. WHO ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, irin su Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci. A irin waɗannan ƙasashe, hana maganin ba tare da samar da madadinsa a farashi mai sauƙi ba zai bar mata da dama babu magani kwata-kwata.

Saboda haka matakin da ya fi dacewa shi ne wadata asibitoci da madadin, a kuma tabbatar likita ya bayyana wa mace hatsarin tun kafin ta ɗauki ciki. Wadda ke shan maganin kuwa, kada ta daina shi sai da shawarar likitanta.