Kan Jirgin Zamani: Saye Rana Ɗaya, Ciyarwa Kullum

 Maganarmu ta yau ta shafi kan jirgin ƙasa, watau injin nan da ke jan taragai.

Kun dai sani cikin watan Yuli na 2016 aka buɗe sabon layin dogo daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna, mai tsawon kilomita 186. Bayansa aka buɗe na Itakpe zuwa Warri a 2020, sa'an nan na Ikko zuwa Badun a 2021. Cikin 2021 ɗin kuma aka soma aikin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk layuka ukun nan da aka buɗe, injuna masu shan man gas ke jan fasinja a kansu. Shi ya sa mutane suke tambaya, don me ba a kawo mana masu lantarki ba, irin na ƙasashen Turai?

To, ga abin da ba kowa ya sani ba: shi ma mai gas ɗin da lantarki yake tafiya. A cikin cikinsa akwai babban inji mai shan gas, amma ba shi ke juya ƙafafu ba. Aikinsa ya juya janareto, janareton ya ba da wuta, wutar ta bi waya zuwa waɗansu ƙananan injunan lantarki da aka ɗaura a jikin ƙafafun, su ne ke murza su bisa dogo. Hikimar haka kuwa ita ce, injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, ba ya bukatar giya irin ta mota, saboda haka yakan ɗaga taragai masu nauyi ba fizga. In an zo gangara kuma, sai a mai da ƙananan injunan nan su zama masu riƙe ƙafafu, birki ya huta. Watau dai kan jirgin nan gidan wuta ne mai tafiya da ƙafarsa.

Irin wannan inji ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, jirgi mai tururi ne ya yi ta kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, yana komowa da goro da gishiri da tufafi. Amma wahalarsa da yawa. Sai an ɗauko masa kwal tun daga Inugu, a hura masa wuta sa'o'i kafin ya motsa, ya kuma riƙa tsayawa shan ruwa tasha-tasha, ga shi ruwa a Arewa da rani abin nema ne. Ƙarfin da ke cikin kwal ɗin ma, ko kashi ɗaya cikin goma ba ya isa ga ƙafafu, alhali mai gas yakan ci moriyar kusan kashi uku cikin goma na mansa. Don haka a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka sayo injuna goma masu gas da lantarki daga kamfanin English Electric na Ingila, sannu a hankali har masu tururi suka kau.

Amma jirgi mai lantarki zalla, shi daga wayar da aka ja bisa kansa yake shan wuta, tun daga farkon layi har ƙarshe. Ya fi gudu, ba ya hayaƙi, sai dai in wuta ta ɗauke ya tsaya inda yake, ko da a tsakiyar daji ne. Habasha ta ja irin wannan waya daga Addis Ababa zuwa Jibuti, aka soma ɗaukar fasinja a 2018, ɗaukewar wuta ta sha tsai da jirage a hanya. Kenya kuwa da ta buɗe layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, masu gas ta zaɓa. Mu nan, mutum fiye da miliyan 200 ne ke rabon wutar da ba safai take wuce megawat 5,000 ba, a 2024 ma babban layin wuta na ƙasa ya faɗi sau da dama. Wanda bai haskaka ɗakinsa ba, ina zai ba jirgi? Ashe zaɓen mai gas daidai ne.

Sai dai kowane bafatake ya sani, sayen doki rana ɗaya ne, amma harawa da dusa da kanwa kullum ne. Harawar kan jirgi ita ce man gas. A 2022 kuɗin gas ya ninka fiye da biyu, har hukumar ta rage yawan zirga-zirga tsakanin Ikko da Badun. Matatar Ɗangote ta soma fid da gas a 2024, amma da kuɗin kasuwa take sayarwa. Kanwarsa kuwa ita ce gyara. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskarsa, zafin bazara yana tafasa ruwan da ke sanyaya shi, na zamani kuma kwamfuta ke sarrafa shi, in wani ɗan allo ya ƙone, ba maƙerin da zai ƙera wani, sai an aika Sin. Abin da ya kashe tsohon reluwe ke nan. An yi ta sayo injuna daga ƙasashe dabam-dabam, kayan wannan ba su shiga wancan, in ɗaya ya lalace a kwance masa kaya a ɗaura wa ɗan'uwansa, har suka zama tarin ƙarfe a bayan tashoshi. Ga kuma bashi: layin Kaduna kaɗai an ranto masa dala miliyan 500 daga wani bankin Gwamnatin Sin, biya kuwa ba ya jiran inji ya warke.

Har wa yau, inji ba ya tsare kansa. Ran 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka fasa dogo tsakanin Abuja da Kaduna, suka kashe fasinjoji, suka tafi da waɗansu daji. Jirgi bai sake tashi ba sai cikin Disamba, wata takwas injuna suna zaune ba sa kawo ko anini.

Saboda haka, kafin jirgi ya iso Kano da Maraɗi, ya kamata jama'a su tambayi wakilansu abu uku. Shin an ƙulla da masu ƙira su riƙa kawo kayan gyara shekara da shekaru, ko kuwa inji kawai aka saya? Shin nawa ne cikin kuɗin tikiti ake keɓewa don mai da gyara? Shin samari nawa aka koya wa aikin? An buɗe masana'antar haɗa taragai a Kajola ta Jihar Ogun a 2023, an kuma kafa Jami'ar Sufuri a Daura. Malamai su sa almajiransu masu kaifin basira su nemi wannan ilmi, attajirai kuma su ba jirgi kayansu in ya zo, gama da kuɗin dakon kaya reluwe ke riƙe kansa, ba da na fasinja kaɗai ba. In an yi haka, injin da aka sayo zai yi shekara talatin yana aiki. In ba a yi ba, ku da kanku kun ga inda na da suke kwance.